Makullin Motar Baba Sannu

Litinin, 4 ga Maris

Zuwa ga Yaya Dakta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya aiki, ya zaman garin mutane? Mu nan da sauƙi. Inna dai ƙafar ce ke damunta, yara kuwa sun girma har babbar tana shirin gama sakandare.

Na san sai kin yi tunani kafin ki gane ni. Ni ce Auta, jikar ƙanwar kakarki, wadda kika yanke wa gashi da almakashi muna yara aka zane mu tare. Rabonmu da haɗuwa shekara goma sha ɗaya, tun rasuwar kakarki. An ce zumunci a ƙafa yake, ni kuwa ban taka ba sai da wuya ta koro ni. Ki yi haƙuri. A wajen Kawu na sami lambarki. A shagon ɗinkina nake rubuta wannan, in ɗauki hoton takardar in turo miki, don ba zan iya faɗa da baki a waya ba. Baban yara yana gida wuni guda yanzu, kunnensa kuma kamar na zomo.

Maganarsa ce ta kawo ni. Shekara ashirin da shida yana tuƙa motar ma'aikatan wata masana'anta, ya kwaso su da safe, ya mayar da su da yamma. Baba Sannu suke ce masa, don bai taɓa gudu ba, ko kaza bai taɓa takawa ba. Watan jiya ya goga gefen motar a ƙofar masana'anta, fenti kawai ya kankare. Sai suka tura shi asibitin da suke hulɗa da shi, wai a duba ƙwaƙwalwarsa.

Na raka shi. Wata matashiya ta zaunar da shi a wani ɗaki mai sanyi, ta ɗauko takarda, tana yi masa tambaya da harshen ofis, ba da Hausa ba. Ta ce ya kwafi zanen wani akwati mai layuka a karkace. Yaya, mutumin nan aji biyu ya yi a makaranta, riƙon biro ma kamar zai soke wani yake yi. Ta ce ya riƙa cire bakwai daga ɗari yana komawa baya. Ta nuna masa hoton wata dabba mai ƙaho a hanci, ya ce shi dai ya ga kamar sa ne da aka yi wa mugun zane. Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Cikin minti goma sha biyar aka gama. Ta rubuta goma sha bakwai bisa talatin.

Sun karɓe makullin mota. Sun ce kwamiti zai zauna nan da sati shida a yanke ko za a sallame shi. Saura shekara biyu ya yi ritaya da mutuncinsa. Tun ranar ba ya cin abincin kirki. Da safe sai ya sa kayan aiki ya zauna a bakin gado, ya yi ta kallon takalmansa.

Kawu ya ce aikinki ke nan a jami'a, gwajin ƙwaƙwalwa. Don Allah ki dubi zumunci ki rubuto musu wani abu. Na haɗa da hoton takardar sakamakon.

Ƙanwarki,
Auta

Laraba, 6 ga Maris

Autar Inna,

Wa alaikumus salam. Na gane ki tun daga layin farko, kuma har yau ina nan a kan bakana, ke kika ce in yanke. Ki gaishe da Inna, ki ce ta daina tsayuwa mai tsawo. Ni lafiyata ƙalau, in ban da ciwon baya na zama a kujera.

Na karanta takardarki sau uku a tsaye. Auta, shekara tara ke nan ina ta faɗar abin da kika rubuta a shafi ɗaya, babu mai saurare. Aikina shi ne nazarin yadda ciwon ƙwaƙwalwa ke bayyana a tunanin mutum da halinsa, da kuma dalilin da ya sa wasu mutane ke samun kulawa daidai, wasu kuwa a yi musu kuskure. Gwajin da aka yi wa maigidanki an tsara shi ne a wata ƙasa, a kan mutanen da suka yi shekara goma sha biyu ko fiye a aji. Zana akwatin nan ba ƙwaƙwalwa kaɗai yake aunawa ba, yana auna ko an taɓa koya wa mutum zane. Na gwada shi a kan dattawa ɗari da arba'in masu lafiya garau waɗanda ba su yi boko ba, fiye da rabinsu suka faɗi. A cikinsu har da wata mai sayar da yadi da ke riƙe da sunan kowane mai cinikinta da abin da ya saya bara.

Don haka ki saurara: wannan gwajin bai isa ya nuna maigidanki yana da ciwo ba.

Na haɗa miki wasiƙa a takarda mai tambarin jami'a. Na bayyana cewa gwajin bai dace da shi ba, na nemi a sake duba shi da Hausa, a wajen wanda ya san aikin, kafin a yanke hukunci. Ki buga ta ki kai wa manajan masana'antar hannu da hannu.

Kada ki ɗauka wata babba ce ni a nan. Ofishina tsohon sito ne, babu taga, har yau akwai kwalayen wani sashe a bayan kujerata. Kwantiragi nake yi, shekara-shekara ake sabuntawa. A watan Mayu ni ma kwamiti zai zauna a kaina, ko a tabbatar da ni ko in tattara. Sau biyu mujallar masana tana dawo mini da bincikena, wai mutanena sun yi kaɗan, wai abin bai shafi sauran duniya ba. Shugaban sashenmu ya taɓa ce mini, cikin murmushi, “Dakta, ki bar tsofaffin nan ki yi abin da ake bugawa.” Kin ga ashe ni da maigidanki layi ɗaya muke bi.

Shi ya sa zan roƙe ki wata alfarma. Ƙarshen watan nan zan yi jawabi a taron masana. Ki tambaye shi ko ya yarda in ba da labarinsa, ba suna, ba gari. Alƙaluma ba sa taɓa zuciyar mutanen nan, amma direban da ya yi shekara ashirin da shida ba haɗari zai taɓa su.

Sannan ki amsa mini waɗannan. A gida yana mantuwa fiye da da? Ya taɓa ɓata a hanyar da ya sani? Yana maimaita tambaya? Yaushe rabon a auna jininsa?

Yayarki

Asabar, 16 ga Maris

Yaya Dakta,

Assalamu alaikum. Ina fatan bayan ya yi sauƙi. Inna ta ce Allah ya yi miki albarka, ta ce dama tun kina ƙarama ta san kan nan ba na banza ba ne. Mu duka lafiya, lafiyar da muka daɗe ba mu gani ba.

Yaya, an mayar masa da makulli.

Ranar da saƙonki ya zo na rufe shago na tafi gida, na karanta masa inda kika ce ba shi da ciwo. Ya ce in sake. Na sake. Ya tashi ya shiga banɗaki ya daɗe, ya fito ido jajur yana cewa sabulu ne. Yayyensa biyu da suka fara cewa a nema masa wanda zai riƙa bin sa in zai fita, na je har gida na karanta musu. Babban ya ce, “To, tun da Dakta ta faɗa.”

Manaja da ya ga tambarin jami'a sai ya miƙe tsaye. Ya karanta, ya kira wani, suka yi ƙus-ƙus. Ya ce ba sa son rigima da masana, kuma dama direban da suka ɗauko na wucin gadi ya kusa zubar musu da mutane a kwana. Ya ce maganar sake gwaji a bar ta sai an samu lokaci. Litinin Baba Sannu ya koma aiki, ma'aikata suka yi ta tafi da ya shigo. Ya yarda ki ba da labarinsa. Ya ce ki ƙara da cewa bai taɓa cin taya a kan hanya ba tare da ya san dalili ba.

(Takardar ta cika, ga shafi na biyu.)

Tambayoyinki kuwa, ba wani abu, mantuwa ce irin ta kowa. Ni ma sai in nemi tef ɗin awo yana rataye a wuyana. Kwanaki mun yi ta neman wayarsa, ashe tana cikin firji, yara suka yi ta tsokanarsa wai yana so ta huce. Wani lokaci yana kiran babbar 'yarmu da sunan ƙanwarsa da ta rasu, amma ai suna kama. Watan jiya ya je aski a bayan layinmu ya yi awa biyu, ya dawo yana faɗa wai an canza hanyoyi ba a gaya wa kowa ba. Yakan tambaye ni wace rana ce sau biyu ko uku kafin ya fita, ni kuwa na ce masa ni ba kalanda ba ce. Jini an ce ya ɗan hau shekara huɗu da suka wuce, ya sha magani wata guda ya ce ya warke.

Allah ya ba ki sa'a a taron. Ki turo mini awon kafaɗarki da tsawonki, akwai wani yadi da na ɓoye miki.

Auta

Lahadi, 7 ga Afrilu

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da Inna da yara, ina kuma roƙon Allah ya sa wannan ta same ki kafin motar safe ta gobe.

Kada ya sake tuƙi. Ki karanta har ƙarshe kafin ki yi fushi.

Sai yau na ga shafinki na biyu. Ranar da saƙon ya zo ina tsakanin aji da aji, na buɗe hoton farko, na ga an mayar da makulli, na ga ya yarda, na yi murna na rufe wayar. Sati uku ina haɗa takardun kwamiti da jawabi. Na je taron, na ba da labarinsa, da na gama aka yi tafi. Editan mujallar da ya dawo mini da bincikena sau biyu ya biyo ni har bakin ƙofa ya ce in sake turowa. Yau na zauna in rubuto miki godiya da awon kafaɗa, sai na ga akwai hoto na biyu.

Auta, waya a firji ba ta dame ni ba. Amma direban da ya san kowane lungu ya ɓata a bayan layinsu, yana tambayar rana sau uku, yana da hawan jinin da aka bari shekara huɗu, waɗannan ba abin dariya ba ne. Su ne ainihin abin da muke nema in muna duba mutum.

Ban ce ba shi da ciwo ba. Na ce gwajin bai isa ya nuna yana da shi ba. Ma'aunin da ya lalace ba ya gaya miki kaya sun yi nauyi, ba ya kuma gaya miki ba su yi ba. Amma wannan rabin na biyu ban rubuta shi ba. Na koma na duba, babu shi. Na sa magana mai daɗi a layi ita kaɗai, na tura tambayoyin da suka fi komai muhimmanci can ƙasa, bayan roƙon alfarmata. Na yi murnar samun misali, na manta mutum ne da ke ɗaukar rai talatin kowace safiya. Laifina ne.

Ki nema masa hutun rashin lafiya, ki ce ciwon kai, ki ce komai. Na kira ki sau shida ba ki ɗauka ba. Ki amsa mini yau.

Yayarki

Alhamis, 11 ga Afrilu

Auta,

Gaisuwa. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Wayar ta nuna kin buɗe saƙona tun Lahadi. Na kira Kawu, ya ce ya ga Baba Sannu jiya a kan sitiyari, har ya ɗaga masa hannu. Ban gaya wa Kawu komai ba. Ko zagi ne ki turo mini, in dai san kina ji na. Na shiga aji yau na tsaya a gaban allo na rasa abin da na zo koyarwa.

Yayarki

Talata, 16 ga Afrilu

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna nan. Inna lafiya, ba ta san komai ba.

Da na karanta takardarki sai na ce, wato an ci moriyar ganga. Kin samu tafinki, kin samu editanki, yanzu kina wanke hannu don kada wani abu ya faru a ce ke ce. Na faɗa a raina, na faɗa da baki ni kaɗai a shago har maƙwabciyata mai kitso ta leƙo ta ce da wa nake. Ku masu ilimi kuna da magana mai ƙofa biyu, in ta yi kyau ku ce kun faɗa, in ta ɓaci ku ce ba haka kuke nufi ba. Ni ɗinki na iya. In na yanka yadi, ya yanku.

Kwana tara ina riƙe da wannan fushin, don ya fi mini sauƙi a kan ɗaya abin.

Jiya da rana wata mata ta shigo shagona, ma'aikaciyar masana'antar ce, tana cikin waɗanda yake ɗauka. Ba ɗinki ta kawo ba. Ta zauna a benci tana murza gefen mayafinta, ta ce, “Maman yara, ki rufa mini asiri kamar yadda muka rufa masa.” Ta ce ranar Juma'a da safe ya kwashe su kamar kullum, amma da aka zo mararraba bai juya ba, ya miƙe. Suka zaci go-sulo yake kauce wa. Ya yi ta tafiya har tsohon garejin kamfanin, wanda aka rufe shekara tara da suka wuce, yanzu wurin sayar da katako ne. Ya tsaya a bakin ƙofar, ya yi hon sau biyu a buɗe masa. Ta ce da ba a buɗe ba sai ya juyo ya dube su, kuma ta rantse bai san ko su waye ba. Wani ya zauna kusa da shi yana nuna masa hanya har suka isa. Suka haɗa baki suka ce taya ce ta yi faci.

Ta ce, “Muna son Baba Sannu. Amma ina da ciki wata biyar, kuma akwai gadar nan da muke bi kullum.”

Yaya, na sani. Ba tun jiya ba. Ranar askin nan da ya dawo, na ga a ruɗe yake, na ba shi ruwa na shiga kicin na yi kamar ban gani ba. Da kika yi tambayoyinki na mayar da su abin dariya don in ji ko ke ma za ki yi dariya. Da kika yi shiru sati uku sai na ce, to, Dakta ta gani ba ta ce komai ba, ashe lafiya.

Yau ma ya fita da motar. Na tsaya a ƙofa ina kallo, bakina ya ƙi buɗuwa. Ni na karanta masa cewa lafiyarsa lau, sau biyu, da wannan bakin. Ta ina zan fara? Ki gaya mini, tun da ke kika karanta.

Auta

Laraba, 17 ga Afrilu

Autar Inna,

Assalamu alaikum. Na gode da kika rubuto. Abin da kika faɗa a kaina akwai gaskiya a ciki, ba zan tsaya wanke kai ba.

Yau da safe na shiga ofishin shugaban sashe na gaya masa komai. Na ce na rubuta wasiƙa da tambarin jami'a a kan ɗan'uwana, ban duba shi ba, ban nemi izini ba, kuma da ita aka mayar da shi kan mota. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Ya ce, “Kin san saura sati uku kwamiti ya zauna?” Na ce na sani. Ya ce dole ya sa a fayil ɗina. Na rubuta wa editan ma, na ce misalin da na bayar a taro ba haka ya ƙare ba. Ban gaya miki don ki tausaya mini ba. Na gaya miki ne don ki san ba wanke hannu nake ba, ni ma ina cikin ruwan.

Ga abin da ya rage. Dole in rubuta wa manaja in janye wasiƙata. Zan jira zuwa Juma'a da azahar, ba don ina da ikon jira ba, sai don ina so ya ajiye makullin da hannunsa, kada a sake ƙwacewa a gaban mutane. Amma gobe kada ya fita da motar. In ya fita, gobe zan rubuta. Ki ƙi ni in kin ga dama.

Kada ki ce masa ya haukace ko ya tsufa. Kada ki tara yayyensa. Ku biyu kawai, bayan ya ci abinci. Ki tambaye shi abin da ya faru ranar Juma'a, sannan ki yi shiru, ko shirun ya yi tsawo. Sau da yawa sun riga mu sani, tsoron faɗa suke yi.

Akwai wata tsohuwar ɗalibata a babban asibitin da ke kusa da ku, Hausa ce a bakinta, da kayan gwajin da muka haɗa tare take aiki. Ta yarda ta gan shi Litinin ƙarfe tara. Za a auna jini, a yi hoton ƙwaƙwalwa. Wasu abubuwan da ke kawo mantuwa suna jin magani, wasu kuma ana iya rage musu gudu. Ban yi miki alkawarin komai ba, na koyi darasi. Ki tafi da duk wani tsohon katin asibitinsa.

Yayarki

Asabar, 25 ga Mayu

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ki yafe shirun, hannuna ne ya ƙi biro. Inna ta sani yanzu, ta dawo wajenmu da zama. Kawu ya gaya mini kwamitinku bai tabbatar da ke ba, sun ba ki shekara ɗaya su gani. Na zage ki a kan abin da muka yi tare, ke kika je kika faɗi naki, ni ina zaune a kan nawa.

Na yi yadda kika ce. Ranar Larabar da ya dawo, bayan ya ci abinci, na ce, “Baban yara, me ya faru ranar Juma'a?” Na yi shiru. Har na ji ƙarar firji. Can ya ce, “Wace ce ta gaya miki, mai cikin?” Na ce e. Ya ce, “Yarinyar kirki ce.” Sai ya ce tun bara yake rubuta alamun hanya a bayan wani kwali yana ɓoyewa ƙarƙashin kujerar mota, da ɗan rubutun nan nasa na aji biyu. Ya ce ranar da na karanta masa takardarki ya san ba haka ba ne, amma ya ga yadda fuskata ta yi, ya kasa.

Da safe ya sa kayan aikinsa, ya ce in raka shi. Muka hau haya. Ya ajiye makulli a teburin manaja ya ce, “Na kawo muku motarku lafiya, shekara ashirin da shida. Ku ba mai ido.” Manaja ya ce za su rubuta ritaya ce ta rashin lafiya, ba sallama ba.

Ɗalibarki awa uku ta yi da shi. Babu akwati, babu mai ƙaho a hanci. Ta jero masa kayan cefane ya maimaita, ta fara karin magana ya ƙarasa, ta sa ya kwatanta mata hanya daga gidanmu zuwa tasha. Karin magana duk ya cinye, har ya ƙara mata biyu da ba ta sani ba. Kayan cefanen ne bayan minti goma babu ko ɗaya. Hoto ya nuna ƙananan jijiyoyin jini sun toshe nan da can, hawan jinin da aka bari ne ya yi ɓarna a hankali. Ta ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, amma in aka riƙe jinin za a iya rage gudun sauran. Ta ce da an kama shi shekara huɗu baya, sai ba ta ƙarasa ba. A duk zuwanmu asibiti, ita ce ta farko da ta yi masa bayani shi, ba ni ba.

Yanzu tare muke zuwa shago. Yana yi mini guga, ya fi ni iya kari. Yawancin ranaku lafiya lau, har ya yi ta tsokanar mai kitso.

Amma akwai safiyar da yake tashi ƙarfe biyar da rabi ya sa kayan aiki, ya fara laluben aljihu. Ya ce, “Maman yara, ina kika sa mini makulli? Mutane na jira a hanya.” Sai in zaunar da shi in gaya masa. Kowane karo kamar ranar ya fara ji, ya dube ni ya ce, “Ni na kai da kaina?” In ce kai ka kai. Ya ce, “To, madalla,” ya sunkuya yana kwance igiyar takalmi. Sau huɗu ke nan cikin watan nan. Yau ma na gaya masa.

Yaya, a cikin littattafanku akwai inda aka rubuta yadda ake gaya wa mutum abu ɗaya sau da yawa ba tare da ya ji zafinsa sabo ba? In akwai, ki turo mini, ki rubuta shi duka, kada ki bar rabi. In babu, ki nemi hutu ki zo. Yana tambayar wace ce Daktar nan, ina so ya gan ki tun yana iya riƙe fuska.

Ƙanwarki,
Auta